Danjar da Riga Ta Rufe

Da safiyar wata Talata cikin hunturu, ina kakkaɓe ƙura daga kan turamen atamfa, sai ga Alhaji ya shigo shago. Na gaishe shi, ya amsa sama-sama, ya zauna a kan bencinsa bai ko nemi littafin ciniki ba. Can sai ya ce, "Kai, jiya bayan isha'i kai ne a kan keke wajen Gadon Ƙaya?"

Na ce, "Ni ne, Alhaji. Ai ban gan ka ba."

"Ni ma ai ban gan ka ba. Maganar da nake son yi maka ke nan. Sai da na zo dab da kai na ga farar hula tana tafiya a iska, babu mutum a ƙarƙashinta. Ba don hular nan ba, da yau wani zance ake yi a layin nan." Ya zaro kuɗi daga aljihun gaba ya miƙo mini. "Je ka sa wa abin nan danja."

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ni ban ma san an yi ba. Na tuna dai wata mota ta ja birki a bayana, amma a titin BUK da daddare wa yake waiwayen ƙarar birki? Lafiya lau na isa gida, na ci tuwo na kwanta. Mai keke yana ganin gabansa tas, fitilun motoci, hasken teburin mai shayi, ramin da ke jiransa. Tunda yana gani, sai ya ɗauka shi ma ana ganinsa. Tun ranar da na fara hawa akwai tocila ɗaure a kan kekena don kada in faɗa kwalbati. Bayana kuwa ko sau ɗaya bai taɓa faɗo mini a rai ba.

Keken Phoenix ne baƙi, na marigayi mahaifinmu, ya yi shekara da shekaru jingine a soro. Na fito da shi bayan an cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin adaidaita sahu daga Rijiyar Zaki zuwa Kantin Kwari ya fara taɓa kuɗin cefane. Zuwa da safe ba wani abu ba ne. Dawowar ce aiki. A watan Disamba da an ɗan gota ƙarfe 6 rana ta faɗi, mu kuma sai mun rufe mun yi magariba, wata rana a tsaya ɗaure kayan baƙin da suka zo daga Nijar ko Chadi har a kira isha'i. Sannan in biyo ta Ƙofar Nasarawa in hau titin BUK, in wuce Ɗan'agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya har Kabuga, in miƙe titin Gwarzo. Yadin da nake sawa na kasuwa kuma duk masu duhu ne, shuɗi ko ruwan toka, saboda ɓoye dauɗa. Baƙin keke, mutum cikin shuɗin yadi, ga hazo ya sauka.

Daga baya na ɗauki kalkuletar shago na yi lissafi irin namu. Mota tana gudun kilomita 60 a awa, ni ina lallaɓawa a 15, bambancinmu 45. Wato kowane sakan tana matso ni da mita 12 da rabi. A awon da na sani, ya haura turmi biyu na atamfa, tunda turmi yadi 6 ne. In direba bai hango ni ba sai da ya rage mita 30, sakan biyu da 'yar ɗoriya ke gare shi ya gane mutum ne, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya taka birki ko ya kauce. In kuwa tun daga mita 200 ya gan ni, sakan 16 ke nan. Ko waya yake amsawa ya samu sararin raɓe ni.

Kuskuren farko a ranar da Alhaji ya ba ni kuɗin na tafka shi. A hanyar komawa, inda danja ta tsayar da mu, wani yaro mai tallar caja da tocila ya nuna mini 'yar fitilar roba kamar ƙwallon goro, tana walƙiya ja, shuɗi, kore. Kuɗinta bai kai na farantin shinkafa da wake ba. Na saya ina murna zan mayar wa Alhaji canji. Batirinta irin zagayayyen nan ne mai kama da kwabo. Kwana biyar ta dushe kamar garwashin da aka yayyafa wa ruwa, a na shida robar ta tsinke a wani rami bayan Kabuga, ban ma san inda ta faɗi ba. Araha ba ta ado. Allah ya taimake ni ban kai ga mayar da canjin ba.

Sai na nufi wajen Baba mai gyaran keke a bakin layinmu, wanda tun zamanin mahaifinmu shi ke duba keken nan. Yakan ce ya fara koyon aiki shekarar da aka canja hannu aka koma tuƙi ta dama, wato 1972, zamanin Gowon. Da na faɗi buƙatata sai ya jawo wani tsohon gwangwani, ya tona ya zaro dainamo, irin mai kama da kwalba wanda ake jingina kansa a jikin taya. An buga 6V 3W a gindinsa, ƙarfin da ya ishi fitilar gaba da ta baya.

"Ga fitila ta gaskiya," in ji shi. "Ba batir, ba caji. Ƙafarka ce injin."

Raina ya biya. Amma da bakinsa ya faɗi aibin abin: kana tsayawa wuta ta ɗauke. Ni kuwa inda na fi jin tsoro shi ne inda nake tsaye, a mahaɗar hanya ko cikin gosulon Kabuga, adaidaita na sheƙowa ta baya yana neman rata. Da damina kuma in taya ta jiƙe, kan dainamon zamewa yake yi. Baba ya sa farce ya ƙwanƙwasa jar robar nan mai ƙyalli da ke jikin murfin tayar baya, wadda ta tsage ta dusashe. "Wannan kuma ba ta da hasken kanta, aro take yi. Sai an haska ta take mayarwa. Wanda ya taho ba fitila, ba ruwanta da shi." Duk mai bin titin Kano da dare ya san masu ido ɗaya da marasa ido gaba ɗaya ba kaɗan ba ne.

Wanda ya raka ni sayen ta gaske ɗan yayata ne, yana karatun injiniyan lantarki a BUK. Na nemi izinin Alhaji bayan azahar, muka shiga Sabon Gari wajen masu kayan keke. Shagon farko mai shi ya zazzage mana kwali bakwai ko takwas a kan tebur, ya tura ɗaya gabana. "Alaji, wannan ita ce ƙarshe. Lumen 2000."

Yaron nan ya juya kwalin ya yi murmushi. "Kawu, ƙwan da ke ɗakinka mai wat 9, hasken da yake bayarwa wajen lumen 800 ne. Ka ga girmansa, ka ga wutar da yake ja. Abin da bai kai babban yatsanka ba shi ne zai ninka shi sau biyu da rabi?"

Lumen, kamar yadda ya yi mini bayani, awo ne na jimlar hasken da fitila ke fitarwa. Danjar keke ta kamfanonin kirki, wadda aka yi don dare, yawanci tsakanin 20 ne zuwa 100. Masu haura haka an yi su ne don a gan ka da rana tsaka. Ban yi mamaki ba ko kaɗan. Ni ɗan Kwari ne, na san abin da ake bugawa da ruwan gwal a bakin yadi, na kuma san abin da hannu yake ji in ya murza. Muka ture kwalayen gefe. Na ce ya kunna su ɗaya bayan ɗaya ya riƙe daidai ƙugunsa, ni kuma na ja da baya cikin layin taku talatin, masu baro suna ta yi mini "hanya, hanya".

A nan na ga bambancin da ba a rubuta a kwali ba. Akwai wadda ƙwanta ɗaya ne a bayan gilashi mai tattara haske. In kana saitinta sai ta soke maka ido, amma da ya ɗan karkata hannunsa sai ta ɓace kamar an kashe. Akwai doguwa mai jerin ƙananan ƙwayaye manne da juna, haskenta ba ya suka, amma a baje yake, ko ta gefe kana ganinta. Mota ba kullum take tahowa a saitin bayanka ba. Wata daga lungu za ta fito, wata a kwana za ta same ka, direban tifa daga sama yake kallo, ɗan adaidaita daga ƙasa. Mai ƙarfi a saiti ɗaya mutum ɗaya take yi wa magana. Ta ukun da muka gwada ta haɗa biyun: ƙwai mai ƙarfi a tsakiya, jeri a kewaye, gefe da gefenta kuma jar roba ce da haske ke ratsawa. Idona ya tsaya a kanta.

Mai shagon ya so ya tura mini wata mai ja da shuɗi irin na motar 'yan sanda, wai ita samari ke yayi. Na ƙi. Na riga na sha wannan. Ja a baya, fari a gaba, shi ne yaren da kowane direba yake ji ba sai ya yi tunani ba, kuma haka yake a yarjejeniyar zirga-zirgar titi ta duniya da aka ƙulla a birnin Biyana na ƙasar Austriya a 1968. Wanda ya sa farar fitila a baya yana gaya wa na bayansa cewa tahowa yake, alhali tafiya yake. Mai launi-launi kuwa ɗauka za a yi adon shago ne ko kwalliyar adaidaita.

Batun batir mun ɗan ja da yaron. Ni na fi karkata ga mai cin ƙananan batura guda biyu, irin na rimot, don kowane kanti akwai su, ba ruwana da an kawo wuta ko an ɗauke. Shi ya ce matsalarsu a hankali suke mutuwa, hasken yana raguwa kullum kaɗan-kaɗan, kai kuma a bayanka take ba ka gani, sai ka yi mako kana yawo da garwashi kana zaton wuta ce. In suka daɗe a ciki kuma su yi yoyo su cinye ƙarfen. Mai caji, mai batirin litiyam irin na waya, tana da ɗan ƙwai da ke nuna maka caji ya yi ƙasa. Da na tuna shagonmu akwai sola, wayata ma can nake cajinta kullum, sai na sallama. Abin da na dage a kai shi ne bakin cajinta ya zama Type-C irin na wayata, kada in riƙa yawo da igiya biyu. An rubuta 500mAh a jikinta, wato awon yawan cajin da batirin ke ɗauka.

Sai wasu haruffa da ban taɓa kula da su ba a jikin kayan wuta, IP da lambobi biyu. Lambar farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6. Ta biyu ta ruwa. Yawancin waɗanda ke kan teburin IPX4 aka rubuta, ma'ana suna jure fantsamar ruwa ta kowane ɓangare, X ɗin kuma yana nufin ba a faɗi komai game da ƙura ba. A ƙasar da aka ƙera su ruwan sama ne abin tsoro. Mu a nan ruwan watanni kaɗan ne, ya yi ƙarfinsa a Agusta ya wuce, ƙura kuwa tun daga Nuwamba har bazara tana shiga inda allura ba ta shiga. Wadda na zaɓa IP65 aka rubuta mata, 6 na cewa ƙura ba ta shiga, 5 na cewa ko da tiyo aka fesa mata ruwa ba komai. Na san shi ma rubutu ne, kuma mun riga mun ga darajar rubutu. Don haka na buɗe ɗan marfin robar da ke toshe bakin cajin na mayar sau biyar, na ji yana shiga da ƙyar yana zama daram. Wannan na yarda da shi. Muka yi ciniki, ta cinye canjin Alhaji har na cika da nawa.

A daren ban ɗaura ta ba. Na cika mata caji, na kunna ta a mafi ƙarfi na kife a ƙarƙashin kwano don kada ta hana yara barci, ina leƙawa. Awa uku da 'yan mintuna ta yi, kwalin kuwa biyar ya ce. A matsakaici ta haura shida. Tafiyata ta dare minti 45 ce, to ko a mafi ƙarfi za ta kai ni kwana huɗu. Ya isa.

Washegari na ɗaura ta inda hoton kwalin ya nuna, a jikin ƙarfen da ke ɗauke da sirdi. Minti ɗaya bai cika ba, ka zagaya robar ka maƙala. Na tsaya a bayan keken na kunna, soro ya yi jajir. Kwana uku ina tafe ina jin kaina kamar motar gwamna.

A dare na uku, wajen Ƙofar Famfo, wani mai babur ya matso kusa da ni yana ɗaga murya. "Malam! Malam! Wuta a rigarka!"

Na yi tsalle na dire ina kakkaɓe baya. Babu wuta. Danjata ce ke ci a cikin riga. In na zauna a sirdi, bayan doguwar rigata sauka yake ya lulluɓe ƙarfen sirdin gaba ɗaya, sai ɗan ja-ja da ke ratso yadin kamar an ɓoye garwashi a aljihu. Wanda ya zana hoton kwalin nan mai keken da ke ransa gajeren wando ne da 'yar riga mai kama jiki. Bai san da mu ba. Ni kuma duk gwajin da na yi, keken ba kowa a kai na yi shi.

Da na isa gida na kira ƙanena, tsawonmu ɗaya. Na tuɓe rigar na ba shi ya sa, na ɗaura rabin buhun shinkafa a kariya kamar yadda nakan yi ranar cefane, na ce ya hau ya miƙe layin a hankali. Na tsaya a tsakiyar hanya ina kallo. Ranar na fara ganin abin da Alhaji ya gani. Taku ashirin kawai ya yi nisa, duhu ya haɗiye shi. Ko da ya tattare rigar ya cusa a ƙarƙashinsa, buhun ya tare. Da muka sauke buhun kuma sai aibi na uku ya fito: ƙarfen sirdi ba a miƙe yake ba, ya kwanta baya, don haka duk abin da ka manna a bayansa ƙasa yake kallo. Rabin hasken a kan kariya da murfin taya yake ƙarewa.

Mun gwada wasu wuraren, ba su ɗau lokaci ba. A siririn ƙarfen da ya sauka zuwa tsakiyar taya ta yi ƙasa da yawa, tayar tana tare ta daga ɓangare ɗaya, kuma in ta juya za ta faɗa cikin wili. A wuyan riga ta baya, da ka sunkuya sai ta koma haska taurari.

Baba ya kewaya keken sau biyu, sannan ya buga ƙarshen kariya da sifana. "Nan ne gidanta. Riga ba ta zuwa nan. Buhu ma in ka iya ɗauri ba ya zuwa."

Damuwar ita ce mariƙin fitilar an yi shi ne don ya rungumi zagayayyen ƙarfe a tsaye, ƙarshen kariya kuwa siririn ƙarfe ne a kwance. Ɗan yayata ya ce kariyoyin Turai da ramukansu suke zuwa guda biyu, tazarar milimita 50 ko 80, musamman don fitila. Tawa ba ta san wannan zance ba. Na ce a kai wa mai walda ya like wani abu a jiki. Baba ya girgiza kai. "Ƙarfen nan ba shi da kauri, wuta za ta cinye shi, wata rana ka ɗauko yaro ya karye. Kuma abin da aka like ba ya gyaruwa in ya karkace."

Dabarar da ya yi ta burge ni, shi ya sa zan faɗe ta dalla-dalla. Ya samo guntun bututun ƙarfe mai kaurin inci ɗaya, wato milimita 25 da ɗan ɗori, kusan kaurin ƙarfen sirdin ke nan, ya yanke tsawon yatsu huɗu. Ya yanko falle biyu na ƙarfe masu faɗin yatsa biyu, ya huda kowanne sau biyu. Abin da ya aika wa mai walda kawai shi ne ya tsayar da bututun a tsakiyar falle ɗaya. Da aka dawo da shi ya goge kaifin, ya sa fallen mai bututu a ƙarƙashin ƙarshen kariya, bututun na kallon ƙasa, ya ɗora ɗayan a sama, suka matse ƙarafan kariyar a tsakaninsu kamar an sa tsire a burodi. Ya zura noti biyu ya ɗaure da sifana mai lamba 10, kowanne kuma ya ƙara masa kai na biyu ya matse su da juna, don girgizar hanya ba ta kwance irin wannan ɗauri. Ya tabbatar akwai ratar yatsa biyu tsakanin bututun da murfin taya, kuma ya ɗan shigar da shi ciki yadda fitilar ba za ta zarce ƙarshen kariyar ba. In keke ya faɗi, ko an buga shi da ƙofar soro, ƙarfe ne zai sha dukan.

Sannan ya yanko tsohon tiyub ya naɗe bututun ninki biyu. Robar tana hana mariƙin juyawa, tana kuma shanye girgiza. Ya ɗaura mariƙin da robarsa ta asali, ya ƙara masa ɗaurin nan na masu wayarin da ake zargawa ya kulle kansa, saboda rana tana cinye roba, wata rana za ta tsinke ba sallama kamar ta farkon. Fitilar kanta zura ta ake yi cikin mariƙin ta yi ƙas, in ka danna ɗan harshe ta zaro. Ya ce in sayo sabuwar jar roba mai ƙyalli ya canja tsohuwar, don ranar da caji ya ƙare a hanya kada in koma gidan jiya. Na ƙara da guntun tef mai ƙyalli irin wanda ake mannawa a bayan tirela.

Saitin da kaina na yi bayan isha'i. Na auna tsayin fitilar daga ƙasa da tef ɗin awo, inci 27. Na yi alama da gawayi a bangon soro daidai wannan tsayi, na juya bayan keken ga bangon taku uku, ƙanena ya zauna a kai. Inda hasken ya fi taruwa ya sauka sama da alamar da kusan taƙi guda, wato a nesa idon direba zai riƙa soka ko ya bi ta kansa. Na sassauta ɗan notin mariƙin na sunkuyar da ita kaɗan har jan ya zauna a kan gawayin. Daga nan muka fita babban layi. Ya tsaya da riga da buhu da komai, na yi ta tafiya ina ƙirga har taku 250. Na waiwayo, ga ta nan cikin hazo, ja sosai. Na durƙusa daidai idon ɗan adaidaita, tana nan. Na hau dakalin wani gida, tana nan. Na tsallaka ɗaya gefen titin na dube ta a karkace, tana nan. Masu hira a dakalin suka bi ni da kallo, ɗaya ya tambaya ko wani abu na yar.

Abin da ya ɗauke ni makonni kafin in tsayar shi ne ko ta riƙa walƙiya ko ta tsaya cak. Walƙiya ta fi jan ido kuma ta fi tanadin batir, amma cikin duhu sosai na baya yana wahalar gane nisanka da saurinka, don abin da yake auna ka da shi yana ɓacewa yana dawowa. Ƙasashe ma ba su haɗu a kai ba. Jamus ta hana fitila mai walƙiya a jikin keke, Ingila kuwa ta halatta a 2005. Tawa tana da wani salo da ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana nan a kunne sai dai ta riƙa bugawa kamar zuciya. Shi nake sawa a titin BUK, inda jajayen danjoji suka yi yawa har ƙaramar da ke tsaye cak za ta ɓace a cikinsu. Da na wuce Kabuga hanya ta yi duhu sai in tsaya in mayar da ita mai tsayawa, matsakaiciya. Walƙiya mai ƙarfi na bar wa gab da magariba, lokacin da gari bai yi duhu ba bai kuma yi haske ba, rabin direbobi ba su kunna fitila ba tukuna.

Sauran hidimarta kaɗan ce. Litinin da Alhamis nake cajinta a shago. Kullum kafin in hau nakan goge fuskarta da bakin riga, domin ƙurar wuni ɗaya ta hunturu tana dusashe ta fiye da yadda za ka zata, tayar baya kuma duk abin da ta kwaso nan take watsawa. Ba na barinta a jikin keken da rana. Zafin Afrilu yana kai digiri 40, batirin litiyam kuwa zafi ne ke tsufar da shi. In zan shiga masallaci ko kasuwa ina zare ta in jefa aljihu tare da makulli. Sau ɗaya na manta a ƙofar wani masallaci, na fito zuciyata na dukan uku-uku, na tarar yara uku sun durƙusa suna ta danna ta suna canja mata salo.

Bayan kamar mako biyu da ɗaurin Baba, Alhaji ya shigo da safe, na miƙa masa littafin ciniki. Yana buɗewa ya ce, "Jiya na biyo ka tun daga Na'isa. Na ɗauka babur ne."

Na ce, "Alhamdu lillahi, Alhaji."

"Amma in an tsaya a gosulo ka rage mata. Ta cika mini ido har na kasa ganin lambar motar gabana." Ya juya shafi. "Yaran nan biyu masu zuwa da keke, ka kai su a yi musu irin taka."

Da yamma na biya wajen Baba na faɗa masa. Ya jawo gwangwanin ya zaro ragowar bututun, ya auna shi da yatsu. Ya ce zai ishi mutum huɗu, amma noti kowa ya zo da nasa.